Daidaita Lokacin Barbarar Shanun Gida da Allurar Homon: Bayani ga Makiyayan Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, a cikin Masarautar Dutse, kuma suna iyaka da Jihar Bauchi. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, saboda haka noma da kiwo suke tafiya tare a cikinsa. Akwai Fulani makiyaya a rugage, akwai manoma masu shanun huɗa da 'yan shanun tatsa a gida, sa'an nan akwai masu kiwon turka da suke kai dabbobinsu kasuwanni irin su Sara da Babaldu.

Babbar matsalar da masu shanu suke kuka da ita ita ce jinkirin haihuwa. A garken da ya dogara ga kiwon daji kawai, karsana takan kai shekara huɗu ko biyar kafin ta yi haihuwar fari, kuma saniya takan ɗauki kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Duk watan da saniya ta yi ba ciki ba goyo, asara ce ta nono da ɗan maraƙi, alhali tana ci tana sha. Ɗaya daga cikin hanyoyin da likitocin dabbobi suke bi wajen rage wannan asara ita ce daidaita lokacin barbara, wato a yi amfani da sinadaran homon domin shanu da yawa su nemi bijimi kuma su saki ƙwai a cikin 'yan kwanaki guda da aka tsara.

Wannan bayani zai nuna yadda aikin yake, da irin saniyar da ta dace da shi, da lokacin yin sa, da hatsarorinsa. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, allurar homon tana tsara lokaci ne kawai. Ba ta mai da ramammiyar saniya ko marar lafiya ta zama mai haihuwa.

Shanun yankin da tarihin inganta su

Kiwon shanu tsohon abu ne a wannan ƙasa. A jikin duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai tsofaffin zane-zanen shanu waɗanda masu binciken kayan tarihi suka fara nazari a shekarun 1950. Da yawa daga cikinsu hoton shanu ne masu dogon ƙaho marasa tozo, irin da ba a kiwonsu a yankin yanzu.

Shanun da suka fi yawa a yau su ne Bunaji, farare masu baƙin kunne da baƙin hanci, waɗanda ake kiwo domin nono da nama da huɗa. Ana kuma samun Rahaji, jajaye masu manyan ƙahoni da juriyar tafiya, da Bokoloji masu gajeren ƙaho da yalwar nama. Dukkansu shanu ne masu tozo da suka saba da zafi da kaska da ƙarancin abinci.

Tun zamanin tsohuwar Gwamnatin Arewa aka kafa cibiyar bincike da inganta irin dabbobi a Birnin Kudu, inda aka yi kiwon Bunaji ana rubuta haihuwarsu da nonon da suke bayarwa. A shekarar 1968 masu bincike na Samaru suka wallafa nazarin bayanan Bunaji na wannan cibiya tare da na Kabomo, kamar yadda aka yi irin wannan aiki a kan Rahaji da Azawak a cibiyar Gumel. Ita kuwa Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, wadda aka fi sani da NAPRI, ta samo asali ne daga gonar dabbobi da aka buɗe a 1928, kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Tun shekarun 1980 masananta suka yi ta gwada magungunan daidaita barbara a kan Bunaji. Saboda haka ba a kan shanun Turai kaɗai aka san aikin waɗannan magunguna ba.

Yadda jikin saniya yake aiki

Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki takan nemi bijimi bayan kowane kwana 21, ko da yake yakan kasance tsakanin kwana 18 zuwa 24. A kowane zagaye ƙwai yana girma a ma'ajiyar ƙwai, yana sa jiki ya fitar da sinadarin istirojin, wanda shi yake kawo alamomin neman bijimi. Alamomin su ne yawan kuka da rashin natsuwa, da kumburin farji, da fitar farin ruwa mai yauƙi, da hawan wasu shanu. Alamar da ta fi kowace tabbas ita ce ta tsaya cik idan aka hau ta.

Kimanin sa'o'i 10 zuwa 12 bayan alamomin sun wuce sai ta saki ƙwan. A gurbin da ya fita wani ɗan ƙullutu mai launin rawaya yakan tsiro, yana fitar da sinadarin furojestaron. Muddin wannan sinadari yana da yawa a jini, saniya ba za ta nemi bijimi ba. Idan ta ɗauki ciki, ƙullutun yana nan yana tsare cikin. Idan ba ta ɗauka ba, wajen kwana na 17 mahaifa takan fitar da sinadarin furostagilandin ya narkar da shi, sabon zagaye ya fara.

Shanu masu tozo suna da wata ɗabi'a da take wahalar da makiyayi. Neman bijiminsu gajere ne, sau da yawa bai wuce sa'o'i goma ba, kuma yakan faru da dare ko da asuba. Wani lokaci ma ba sa nuna alama sosai. Idan akwai bijimi a garke shi yake gane wannan da kansa. Amma idan ana son a ɗura wa saniya maniyyin zaɓaɓɓen bijimi da hannu, kafin a lura, a aika, ma'aikaci ya iso ruga, lokaci ya riga ya wuce. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake daidaita barbara: a san ranar tun da wuri, ma'aikaci ya zo sau ɗaya ya yi wa shanu da yawa.

Magungunan da hanyoyin amfani da su

Hanya ta farko ita ce allurar furostagilandin, wadda ake sayarwa da sunaye kamar Estrumate da Lutalyse. Aikinta narkar da rawayan ƙullutun nan, sai saniya ta nemi bijimi a tsakanin kwana biyu zuwa biyar. Ba ta aiki a kan saniyar da ba ta da ƙullutun, ko wadda nata bai wuce kwana biyar da tsirowa ba. Shi ya sa ake yin allurar sau biyu, da tazarar kwana 11 zuwa 14, domin wadda ta kuɓuce wa ta farko ta shiga ta biyu. Bayan allura ta biyu ana sa ido safe da yamma. Wadda aka ga ta tsaya da safe a ɗura mata da yamma, wadda aka gani da yamma a ɗura mata washegari da safe. Wannan hanya ta fi sauƙin kuɗi, amma ba ta da amfani ga saniyar da zagayenta ya tsaya saboda rama ko shayarwa.

Hanya ta biyu ita ce na'urar furojestaron, irin su CIDR da PRID, wadda ake sakawa a cikin farjin saniya ta zauna kwana bakwai zuwa tara. Tana nan tana sakin sinadarin a hankali, jiki yana ɗauka kamar akwai ƙullutu. Ranar da za a cire ta, ko kwana ɗaya kafin nan, sai a yi allurar furostagilandin. Akan ƙara da allurar eCG, wadda take taimaka wa ƙwai ya girma sosai a jikin saniya mai shayarwa. Da an cire na'urar sai sinadarin ya sauka a jinin dukkan shanun lokaci guda, a ɗura musu maniyyi tsakanin sa'o'i 48 zuwa 66, gwargwadon tsarin da likita ya zaɓa, ko an ga alama ko ba a gani ba. Wannan hanya ta fi tsada, amma ita ta fi dacewa da shanu masu tozo, domin tana iya tayar da zagayen saniyar da ta daɗe ba ta nemi bijimi ba, idan jikinta bai lalace ba. A ƙasar Brazil, inda ake kiwon miliyoyin shanu masu tozo, tsare-tsaren da suka ƙunshi wannan na'ura su ne aka fi amfani da su.

Hanya ta uku ita ce wadda ake kira Ovsynch, wadda masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka fito da ita a 1995. Allurai uku ne. Misali, ranar Litinin a yi allurar GnRH, Litinin ta zagayo a yi ta furostagilandin, Laraba da yamma a sake yin GnRH, Alhamis da safe, wato bayan kimanin sa'o'i 16, a ɗura maniyyi. An tsara ta ne domin manyan shanun madara masu isasshen abinci, kuma ba ta cika ba da sakamako mai kyau ga karsana ko ga shanun daji masu shayarwa ba, sai an haɗa ta da na'urar furojestaron.

Kowace hanya aka bi, kiyaye rana da sa'a wajibi ne. Idan aka jinkirta allura ɗaya domin ranar kasuwa ce, ko aka kora shanu kiwo mai nisa, dukkan kuɗin da aka kashe yana iya tafiya a banza.

Saniyar da ta dace

Kafin a taɓa kowace saniya da allura, sai likitan dabbobi ya duba ta. Abu na farko shi ne ya tabbatar ba ta da ciki, domin furostagilandin yana zubar da ciki, musamman a watanni biyar na farko. A garken da bijimi yake tare da shanu dare da rana, sau da yawa mai shanu bai san da ƙaramin ciki ba.

Abu na biyu shi ne jikinta. Likitoci suna auna ƙibar saniya daga 1 zuwa 5, kuma ana son ta kai aƙalla biyu da rabi. A ido, saniyar da haƙarƙarinta da ƙasusuwan kwankwasonta suka fito fili ba ta shirya ba. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Irin wannan saniya abinci take bukata kafin allura: harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, angurya ko ƙulin auduga, gishirin lasa da kanwa, da ruwa isasshe, na tsawon wata ɗaya zuwa biyu.

Abu na uku, ta yi aƙalla kwana 45 zuwa 60 da haihuwa, mahaifa ta koma daidai, babu ruwa mai wari ko ruɓa da yake fita. Ita kuwa karsana ana duba girman jikinta ne fiye da shekarunta, a tabbata ta kai kusan kashi biyu cikin uku na girman uwarta.

Abu na huɗu shi ne lafiya. A yi maganin tsutsar ciki da ciwon hanta da kaska da sammore tun da wuri, a kuma kammala rigakafin ciwon huhu da sauransu makonni kafin a fara, kada a haɗa su rana ɗaya da ɗurin maniyyi. Saniyar da ta saba ɓari sai an gwada jininta saboda cutar bakkale, wadda take yaɗuwa a garke, kuma take kama mutane ta hanyar ɗanyen nono da taɓa mabiyiya da hannu. Homon ba ya maganin bakkale.

Har ila yau, yawan tsotson ɗan maraƙi yana jinkirta dawowar zagayen uwa. A wasu tsare-tsare akan raba maraƙi da uwarsa na sa'o'i 48 bayan cire na'ura, ana ba shi ruwa da abinci a wuri mai inuwa. Kada a yi haka ga maraƙi ƙarami ƙwarai ko marar lafiya.

Lokacin da ya fi dacewa

Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, wato kimanin kwana 280 zuwa 290. Saboda haka wanda ya zaɓi ranar barbara ya zaɓi lokacin haihuwa. A Birnin Kudu da Gwaram shanu sun fi ƙiba daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da ciyawa ta wadata, sa'an nan ga karan dawa da harawa bayan girbi. Idan aka yi aikin a watan Satumba ko Oktoba, haihuwa za ta faɗo a tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da sabuwar ciyawa ta fito, uwa ta samu abin da za ta yi nono da shi.

Sai dai a lura cewa watannin ƙarshe na irin wannan ciki za su faɗo a bazara, lokacin da abinci ya fi ƙaranci kuma ɗan da ke ciki ya fi girma. Wajibi ne a tanadi harawa da dusa tun da kaka domin waɗannan watanni. Yin aikin a watan Maris ko Afrilu kuwa, cikin tsananin zafi da yunwa, shi ya fi kawo asara, sai fa ga mai shanun da suke turke a inuwa ana ba su abinci isasshe. Haka kuma kada a fara tsarin ana dab da tashi zuwa mashekari, domin doguwar tafiya tana iya ɓata ƙaramin ciki.

Zaɓen iri

Daidaita barbara ba dole ba ne ya zama hanyar kawo jinin shanun waje. Ana iya ɗura maniyyin zaɓaɓɓen bijimin Bunaji ko Bokoloji, ana kuma iya sakar musu bijimi na gari, amma a raba shanun ƙananan rukuni domin bijimi ɗaya ba zai iya da shanu masu yawa a kwana biyu ba.

'Yar da aka samu daga haɗin Firiziyan da Bunaji ta fi uwarta nono nesa ba kusa ba, amma ta fi ta bukatar abinci da ruwa da inuwa, kuma kaska da zafi sun fi yi mata illa. Idan jinin waje ya wuce rabi, wahalar riƙonta tana ƙaruwa. Irin wannan saniya ta dace da mai kiwon gida wanda yake kusa da gari, yana da abinci da kasuwar nono. Makiyayin da shanunsa suke bin burtali, da manomin da yake son shanun huɗa masu tozon ɗaukar karkiya, sun fi amfana da inganta irin gida. Bugu da ƙari, ɗura maniyyin babban bijimin waje ga ƙaramar karsana yana iya jawo wahalar haihuwa. Zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu shaida ne cewa irin shanu yana iya ɓacewa daga ƙasa, don haka ya kamata a riƙa barin mafi kyawun Bunaji suna haifar Bunaji.

Sakamako da abin da za a yi bayan ɗuri

Kada mai shanu ya sa ran dukkansu za su ɗauka. Ko a ƙasashen da aka ƙware a wannan aiki, kusan rabin shanun da aka ɗura wa ne suke ɗaukar ciki a karon farko, kuma adadin yana raguwa idan shanun ramammu ne ko maniyyin ya lalace. Ana ajiye maniyyi a cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Idan ruwan ya ƙafe, maniyyin ya mutu ko da ba a ga alama a ido ba.

A raba shanun da bijimin garke tun daga ranar allurar farko har zuwa kwana 10 ko 15 bayan ɗuri, in ba haka ba ba za a san uban ɗan ba. A sa ido daga kwana na 18 zuwa na 24, wadda ta sake neman bijimi a sake ɗura mata ko a sakar mata bijimi. Likita yana iya gane ciki da na'urar hoto daga wata ɗaya, ko da hannu daga kwana 45 zuwa 60. A rubuta sunan kowace saniya ko lambar kunnenta, da ranar kowace allura, da irin maniyyin da aka ɗura.

Gargaɗi

Waɗannan magunguna aikin likitan dabbobi ne ko ma'aikacin da aka horar yana ƙarƙashin kulawarsa. Kada a saye su a hannun masu talla a kasuwa. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, kuma a sani cewa wasunsu, kamar eCG, suna lalacewa idan ba a ajiye su a firji ba. Mace mai ciki da mai ciwon asma kada su taɓa furostagilandin, domin yana shiga jiki ta fata, yana iya jawo ɓari ko toshewar numfashi. A sa safar hannu, a yi amfani da sabuwar allura ga kowace saniya, a ƙone ko a binne na'urar da aka cire inda yara da dabbobi ba za su kai gare ta ba. Game da shan nono ko yanka dabbar da aka yi wa allura, a bi abin da aka rubuta a takardar maganin. Kuma waɗannan ba magungunan ƙiba ba ne, bai halatta a yi wa dabbar turka su domin ta yi nama ba.

Aikin shugabanni da jami'an ƙananan hukumomi

Mai saniya biyu ko uku ba zai iya ɗaukar kuɗin zuwan likita sau uku ko huɗu shi kaɗai ba. Aikin yana sauƙi ne idan masu shanu na gari ɗaya ko rugage maƙwabta suka haɗu. A nan ardo da mai unguwa da dagaci suke da rawar takawa wajen tara sunaye da tsayar da rana, tare da sashen gona na ƙaramar hukuma da malaman gona.

Kafin a sanar da jama'a ranar farawa, ya kamata jami'ai su tabbatar da abubuwa biyar: akwai likitan da zai duba ciki, magungunan dukkan tsarin suna hannu, ba na rana ta farko kaɗai ba, akwai maniyyi da isasshen ruwan naitirojin, akwai shingen kama shanu mai ƙarfi a wuri mai inuwa, akwai kuma abin hawan da zai kai ma'aikata ko da an yi ruwa hanya ta ɓaci. A faɗa wa masu shanu gaskiyar abin da za su biya da abin da za su sa rai. Rahoton aikin kuma ya nuna yawan shanun da suka ɗauki ciki da 'yan maraƙan da aka haifa suka rayu, domin yawan waɗanda aka yi wa allura kaɗai ba ya nuna nasara.

Kammalawa

Daidaita lokacin barbara hanya ce da aka gwada a kan shanun gida, kuma tana iya rage tazarar haihuwa, ta sa 'yan maraƙa su zo a lokacin ciyawa, ta kuma kai irin bijimi na gari ga garken da ba shi da shi. Sharuɗɗanta su ne saniya mai jiki da lafiya, da likitan da ya duba ta, da kiyaye ranaku, da zaɓen irin da mai shanu zai iya riƙewa. Duk mai sha'awar wannan aiki a Birnin Kudu ko Gwaram, sai ya fara da tanadin abincin rani, sa'an nan ya tuntuɓi ofishin likitan dabbobi mafi kusa da shi ko sashen gona na ƙaramar hukumarsa tun farkon damina, domin a samu lokacin duba shanun da shirya su.